Yatsun da Banki Bai Gane Ba

"Sake ɗorawa, Anti," in ji ma'aikaciyar da ke bayan gilashi.

Sista ta sake ɗora babban yatsanta a kan na'urar, karo na shida. Fitila ta kawo ja. Suka gwada manuni, suka koma hannun hagu. Ja dai.

Kwana goma sha huɗu ta yi a cibiyar killace masu cutar annobar da ake fama da ita, ba ta leƙa gida ba. Ta fito ta tarar katinta na banki ya daina aiki, allurar ciwon sugan Mama kuma saura ta yau kaɗai. Albashi na ciki, amma ba sabon kati sai an tantance yatsa. Tun hantsi take ƙarƙashin rumfa riƙe da lamba kafin a shigo da ita, takunkumi ya jiƙe sharkaf da gumi.

"Mu ga hannun."

Sista ta ɗaga tafukanta. Ma'aikaciyar ta zaro ido. Fatar ta saɓule, ta yi sumul kamar bayan cokali, ga tsaga a kowace gaɓa.

"Subhanallahi! Ƙuna ce?"

"Wanki ne. Sau sittin a wuni, wani lokacin fiye. Aikin jinya nake yi a cibiyar killacewa."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma mutumin da ke bayanta ya yi tsalle ya bar da'irar da aka zana masa a ƙasa. Wata mata ta ɗora gyale a kan takunkuminta. Ita kanta ma'aikaciyar, duk da gilashi, sai da ta ja kujera baya.

"Anti, zanen yatsunki ya goge. Shawarata, ki daina wanke hannu kamar kwana goma, zai dawo."

Sista ta tsaya baki buɗe a cikin takunkumi.

"Me kika ce?"

"Haka muke gaya wa kowa."

"Sau uku kuka fesa min magani daga ƙofa zuwa nan. Jiya mutum biyu na rufe wa ido da hannun nan. In daina wankewa?"

"Ni dai abin da na'ura ta ce. Na gaba!"

A bakin ƙofa akwai wani allo mai fuskoki uku, da rubutu a samansa: Yaya kuka ga hidimarmu? Kafin ta ɗaga hannu, maigadi ya miƙa yatsa cikin safar roba ya danna koriyar fuska mai murmushi.

"Baba, me ka yi?"

"An hana ku taɓawa, 'yata, saboda cutar. Ni nake danna muku."

"Kullum koren?"

"Tun da aka fara annoba ba a taɓa samun wanda ya ji haushi ba," ya ce, ko kunya babu. "Fita mana. Sai ɗaya ya fita ɗaya ke shiga."

Sista ta dubi titi ta gilashin ƙofa, ta dubi agogo. Ta juya ta koma kan wata da'ira, ta harɗe hannuwa.

"To ban fita ba."

"Haba 'yata!"

"Na saba tsayuwar awa goma sha biyu, Baba, cikin rigar leda, ko ruwa babu. Nan har da sanyin na'ura."

Minti goma, aka fara bubbuga ƙofa daga waje. Minti ashirin, maigadi ya zo zai kama hannunta, ya tuna inda take aiki, ya mayar da nasa aljihu. Babu wanda ya yarda ya matso. Ƙafafunta na zogi, ta ƙi ko jingina.

Can manaja ya fito, takunkumi biyu a fuska, yana riƙe da takarda da 'yan yatsu biyu. Ya ajiye a tebur ya ja baya.

"Cike wannan, ki haɗa da katin shaida. Na waɗanda yatsunsu ba sa hawa ne."

Ta karanta. Layi huɗu ne kacal da wurin sa hannu.

"Dama akwai wannan?"

"Ba ma son ana yawan taɓa takarda."

Ya turo mata biro da gefen fayil. Sista ta bar shi a nan, ta ciro nata daga aljihu, wanda take rubuta zafin jikin marasa lafiya da shi.

"Kafin in gama," ta ce, ba ta ɗago ba, "ku tambayi na waje ko akwai mai irin hannuna."