Zaren da Na Yanke ta Taga

"Mama, in mutum yana so a sa hotonsa a kalanda, sai ya mutu tukuna?"

Ina durƙushe ina auna tsawon siket ɗin wata mata, allura a bakina, 'yata ta jefo wannan tambayar daga ƙofar kicin. Matar da nake aunawa ba ta daɗe da rasa mijinta ba. Na ji ƙafarta ta ƙame a ƙarƙashin hannuna. Na zare allurar na ce, "Wuce ciki, ba ki ga ina da baƙuwa ba?"

"To ai duk na jikin tamu sun mutu. Na tambayi Baffa."

Kalandar kyauta ce daga mai kantin magani na ƙasan benenmu. Kowane wata da hoton wani babban masanin kimiyya na zamanin da, a ƙasa kuma layi ɗaya tak da ke faɗin abin da ya gano. Na rataye ta a kicin kusa da firij don in riƙa sa alamar ranar da masu ɗinki za su zo karɓa. Shekarar 'yata bakwai, ba ta daɗe da iya karatu ba, kuma tun da ta iya babu rubutun da ya tsira a gidan, har na jikin gwangwanin madara.

Baffan nata ƙanin mijina ne, ɗalibi a jami'a, yana zuwa ƙarshen mako ya ci abinci ya bar mana wanki. Shi ya sa mata suna Farfesa. Da yamma ta sake yi masa tambayar, yana lashe cokali ya ce, "Ba sai kin mutu ba, Farfesa. Abin da kowa ke tsoron yi za ki yi, shi ke nan sai kalanda."

Na ce, "Ji mai magana. Kai da ka ga kyankyaso ka hau kujera."

"Shi ya sa ba ki gan ni a kalandar ba, matar yaya."

Muka yi dariya har da babanta. Ita ba ta yi ba, ta dai gyaɗa kai.

Ashe tuni ta fara bin mutanen kalandar ɗaya bayan ɗaya. Watan da aka sa wani mai gemu a cikin bahon wanka, ta cika baho maƙil ta faɗa ciki, ruwa ya malalo har falo. Watan mutumin da aka zana yana sako ƙwallaye daga saman hasumiya, ta tsaya a kan matakala ta saki lemo da dutse tare, saura ƙiris ta fasa wa maigadi kai. Da aka zo kan wanda ya samo magani daga funfuna, na tsinci burodi kore shar a cikin kwanona na baƙi, a ƙarƙashin gadonta. Nakan yi faɗa, amma faɗan da murmushi a bayansa, kuma yaro yana gane irin wannan faɗan. Har nakan ba masu ɗinki labari, su ce Allah ya raya, likita za ta zama.

Ni ba uwa ce mai sakaci ba. A hawa na ƙarshe muke, na huɗu, kuma ban yarda mun tare ba sai da aka sa wa kowace taga ƙarfe. Ni na matsa aka cire ƙofar katako aka sa ta ƙarfe. Ni na kafa dokar cewa duk wanda ya fita, ko shara zai zubar, ya murza makulli a bayansa, domin in keken ɗinki yana aiki ba na jin shigowar kowa. Makulli biyu ne, ɗaya a aljihun babanta, ɗaya a jikin ƙofa. 'Yata ta riƙe wannan dokar fiye da kowa.

Da wata ya ƙare na juya shafin da hannu ɗaya, ƙaninta na goye, ban ko kalli hoton ba. A satin lemar ruwana ta ɓata. Sai babban ƙullin baƙin zare mai kauri da nake ɗinkin jaka da shi. Sai ledojin da nake naɗe kayan mutane suka fara raguwa. Na ɗora laifin a kan mantuwar masu goyo.

Ranar da abin ya faru ina fama da kayan makaranta na wata mai 'ya'ya da yawa. Zafi ya yi nauyi tun azahar, jaririn ya yi barci da ƙyar. 'Yata ta zo ta tsaya a gefena ta faɗi wata magana, ƙarar keke ta haɗiye ta. Ban ɗaga kai ba na ce, "To."

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Iska ce ta buga tagar ɗaki da ƙarfi, na duba na ga gari ya yi duhu kamar magariba. Na tuna shanyata tana saman bene, na tashi da sauri. Na kama hannun ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Makulli ba ya jiki.

Na kira 'yata. Na duba bayi, na duba ƙarƙashin gado. A kicin na tarar da kujera a jingine da bango, daidai ƙasan kalanda, sai a lokacin na kalli mutumin wannan watan. Yana tsaye a fili da doguwar riga, baƙin hadari a kansa, ya saki jirgin ƙyalle sama da dogon zare, irin jirgin ledar da yara ke yi wa iska. A jikin zaren, kusa da hannunsa, makulli na lilo. Layin ƙasa ya ce shi ya nuna cewa walƙiya da wutar lantarki abu ɗaya ne. Yana murmushi a hoton.

Sai na ji tafiya a kaina. Fat, fat, fat, silifas ɗinta a kan simintin rufi, tana gudu daga wannan gefe zuwa wancan.

Na kira babanta, cikin sauri har na fara danna lambar wani. Da ya ɗauka na ce, "Tana saman bene, ta kulle ni, hadari ya taso."

"Wa ya kulle ki?"

"'Yarka. Ka taho da makulli."

"Ina can ƙarshen gari, hanya ta cushe. Kira maigadi, ga ni nan."

Wayar maigadi a kashe. Maƙwabtanmu na ƙofa da ƙofa duk suna wurin aiki. Na ɗauki dutsen guga na dinga dukan ƙofar, ƙofar da ni na zaɓa saboda kaurinta, ko lotsawa ba ta yi ba. Jaririn ya farka ya tsala kuka. Tsawa ta yi gurnani can nesa, ta sake yi kusa, ruwa ya sauko da manyan ɗigo.

Tafiyar da ke kaina ta tsaya.

Wani abu ya wuce ta tagar ɗakin ɗinki, fuu, ya bugi bango. Na ruga. Jirginta ne, ledojina a ɗaure a kan ƙarafan lemata. Nauyi ya hana shi tashi, ya faɗo ya maƙale a jikin bututun ruwa, ƙasa da tagata kaɗan. Baƙin zaren ya miƙe tsam daga nan zuwa sama, yana rawa. Ana jan sa daga can.

Kaina ba ya fita ta tsakanin ƙarafan. Na ɗauko madubin hannu da masu ɗinki ke duba bayan riga da shi, na zura hannu waje na karkata shi sama. Akwai 'yar katanga da ta zagaye saman benen, tsawonta iya ƙirjin 'yata. A madubin na ga kanta, na ga kafaɗunta, na ga har cikinta a kan katangar. Ta ɗale ta leƙo, ta naɗe zaren a hannu tana fizga da dukkan ƙarfinta, ƙafafunta ba sa ƙasa.

Sunanta ya zo bakina, na haɗiye shi. In ta ji muryata za ta ƙara leƙowa ta gan ni. Na san 'yata. Na cije leɓe har na ji gishirin jini.

Na tsaya na yi lissafi irin na mai yanka yadi. Baya take ja. In zaren ya tsinke tana cikin ja, baya za ta faɗi, kan rufi. In ya tsinke ta saki jiki tana leƙe, ban ƙarasa wannan tunanin ba. In kuma na bar shi, ga jiƙaƙƙen zare, ga ƙarfe a wannan bakin, ga makulli da 'yata a wancan, ga walƙiya tana haska bangon gidan da ke kallonmu.

Na ɗauko babban almakashina. Hannu ɗaya ne kawai ke iya fita ta wannan gurbin, dole na ajiye madubin, ma'ana zan yanka ba tare da ina ganinta ba. Na zura hannun har kafaɗa, bakin almakashin bai kai ba. Na danna jikina a ƙarfen har na ji fatar kafaɗata ta saluɓe. Ya taɓa zaren. Na jira. Zaren ya saki, ya yi laushi, wato ta leƙo. Na jira. Ya miƙe, ya yi tauri har yana kaɗawa a bakin almakashin. Na datse.

Na rufe ido ina sauraron ƙasa. Ban ji komai daga ƙasa ba. Daga sama na ji tim, kamar an yar da buhu, sai kuka, irin kukan haushi da take yi in an ƙwace mata abu. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Sai a nan na buɗe murya na ce ta sauko, ta sauko yanzu, amma ruwa ya riga ya ɓarke, ko ni ba na jin kaina.

Sai ɗakin ya yi fari fat. Ba na ce na ji ƙara ba, ƙarar ce ta shiga jikina, tagogi suka girgiza, fitilar keke ta mutu, wani ƙauri kamar na ƙonanniyar waya ya cika gidan. Jaririn ya ɗauke kuka. A kanmu tsawar ta sauka, wannan ko ba a faɗa mini ba.

Na saurari rufi. Babu silifas, babu kuka, sai ruwa.

Na rarrafa zuwa ƙofa na manna kunnena. Ina son yin addu'a, kalma ɗaya ce kawai take fita, ita nake ta maimaitawa. Na tuna "to" ɗin da na ce. Na tuna da safe na tsefe mata rabin kai na ce sai anjima mu ƙarasa.

Can sai na ji ƙarfe yana karce ƙarfe. Makulli yana neman rami yana kuskurewa. Ya shiga, ya juya.

Tana tsaye sharkaf, silifas ƙafa ɗaya, gwiwar hannu a ƙuje, makullin har yanzu a ɗaure da guntun zare a wuyan hannunta. Jikinta na ɓari amma fuskarta a murtuke.

"Mama, wani ya yanke mini zare. Na sauko in ɗauki wani."

Ban dake ta ba. Na zauna a bakin ƙofar na rungume ta har ta ce ina matse ta.

Washegari maigadi ya hau da babanta. Sandar eriyar da ke kusa da tankin ruwa ta yi baƙi ta lanƙwashe, siminti ya tsage a gindinta. Ɗayan silifas ɗin yana nan kusa. Babanta ya sauko da shi a hannu, ya shige bayi ya daɗe.

Da Baffa ya zo ranar Asabar bai nemi abinci ba. Ya zaunar da ita ya ce, "Farfesa, akwai abin da kalanda ba ta faɗa ba. Bayan wannan mutumin, wani masani a wata ƙasa ya gwada kama walƙiya shi ma. Babba ne, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ta kashe shi nan take."

Ta kalli bango. "Wane wata ne shi?"

"Ba ya ciki."

"Ya mutu kuma ba a sa shi ba?"

"Ba a sa shi ba."

Babanta ya so ya yaga kalandar. Na hana, domin in an yaga wannan akwai wata a makaranta. Na sauke ta na buɗe watannin da suka rage. Akwai wata mata riƙe da kwalba mai haske a cikin duhu. Akwai wani da ya saita dogon madubi yana kallon sama, kuma na san inda 'yata za ta saita nata da tsakar rana. Yanzu kafin in juya shafi sai Baffa ya zo mun zauna mu uku, ya faɗa mana abin da mutumin ya gano da abin da ya same shi, har da waɗanda suka ƙone da waɗanda suka yi jinya. Tana saurara ido waje. Wani lokaci tsoro yakan sa ta dawo gadona, na kuma yarda da hakan. Na yanko makulli na uku, yana cikin aljihun keken ɗinki tare da almakashi.

Ke da kike karanta wannan, in kina da yaron da ya fara karatu, tashi ki duba abin da ke rataye a bangonki daidai tsawon idonsa. In za ki ba shi labarin manyan masana, ki ba shi har ƙarshe, da waɗanda suka gwada ba su tashi ba. Kuma in ya zo ya tsaya a gefenki yana magana kina cikin aiki, ki tsayar da keken ki ji abin da ya ce kafin ki ce masa to.