Gurbi na Shida a Tabarmar Malama Asiya

Shekarar da nake aji shida, makarantarmu ta zama sai suna. Malamai sun yi wata biyar ba albashi, kowa ya kama gabansa. Malamin lissafi ya koma sayar da goro a tashar Makoda, hedimasta kuwa yakan leƙo ranar Litinin ya kaɗa ƙararrawa don kada a ce ya mutu. Mu dai mu zo mu share fili, mu zauna gindin darbejiya har rana ta take, mu watse. Ga jarrabawar shiga sakandare saura wata biyu, ni kuma na ƙwallafa raina a kanta har abinci ba ya yi mini daɗi.

Dama abincin ba wani abinci ba ne. Damina biyu a jere ta yi mana rowa, rumbunmu ya zama ko ɓera ba ya kwana a ciki. Baba ya tafi cin rani Kano tun bayan girbi, ya bar Inna da mu huɗu, muna fama da kwaɗon tafasa da garin rogo.

Ni ce 'yar fari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce "ke", ni ce "waccan", ranar da ta ga dama ni ce "'yar tsohuwa", don kakata ta wajen uba ce ta raine ni. Idan baƙuwa ta ce, "Hure, wannan taki ce?" sai Inna ta kau da kai ta shiga neman abin da bai ɓata ba. Kakata ce bakina. Ita ta sa ni makaranta, ita ke zuwa ta wanke malami tas idan ya dake ni. Ta rasu da azumin da ya gabaci wannan shekarar, tun daga nan ba ni da mai yi mini magana.

Ana cikin haka labarin Malama Asiya ya zagaye gari. 'Yar Bici ce, ta koyar a firamare shekara tara kafin guguwar rage ma'aikata ta kwashe ta, sannan aure ya kawo ta garinmu gidan mai injin niƙa. Ta sami wani tsohon ƙyaure ta shafe shi da baƙin batir ya zama allo, ta shimfiɗa tabarma ɗaya a tsakar gida, ta ce za ta koyar da yara lissafi da Turanci daga azahar zuwa la'asar. Yara shida tabarmar ke ɗauka, shida ta ce za ta karɓa. Ba ta nemi komai ba sai sharaɗi guda: uwa ko uba ya zo da kansa, ya faɗi sunan yaro a gabanta, ya ce ya ba ta shi, ba talla ba aike a lokacin karatu. Ɗan saƙo kuwa ko na mai gari ne ba ta saurare.

Kafin mako ya zagayo an cike biyar.

Ban iya tunkarar Inna kai tsaye ba, don ba a yin haka. Sai in tsaya kusa da madafa in ɗaga murya ina gaya wa ƙanwata Adama, "Kin san gurbi ɗaya ya rage a gidan Malama?" Adama, wadda take aji huɗu kuma babu abin da ta tsana kamar alli, sai ta ce, "To ina ruwana?" Inna na hura wuta, ko ɗago kai ba ta yi. Kwana uku ina wannan wa'azi ga wadda ba ta tambaye ni ba.

Ranar Alhamis bayan azahar Inna ta ja mayafinta, ta dubi bango ta ce, "A ɗauko ƙwaryar gyaɗar nan a biyo ni."

Na miƙe zumbur. Na ɗauki ƙwarya na bi ta, Adama kuma ta maƙale a gefen zaninta kamar kullum.

Lokacin ɓare gyaɗar iri ne, matan unguwa sukan taru a gidan Malama saboda inuwar ƙatuwar ceɗiyarta. Da muka shiga na ga mata sun kai takwas, a tsakiyarsu kuma Gwaggo Barira, yayar Baba, mai tuyar ƙuli-ƙuli, wadda bakinta ya fi reza kaifi. Ina ganinta na san akwai aiki. Inna ta durƙusa ta gaida ta, ta gaida sauran, aka yi ta tambayar zafi da tsadar hatsi. Sai can ta juya wajen Malama.

"Malama, kan maganar yarinyar nan na zo. An ce akwai sauran wuri."

"Akwai guda ɗaya. Wace yarinya?"

Inna ta dubi ƙasa. "Ta gidan nan namu. Mai son karatun."

Malama ta dube ni, ta dubi Adama. Da idona na ga tana auna abin a ranta, kuma ban ga laifinta ba, don ko ni ce haka zan auna. Wace uwa ce za ta tako da ƙafarta ta yi wa 'yar fari roƙo, a gaban dangin miji?

"Adama ke nan," in ji Malama. "Aji huɗu take ko? Ba laifi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Inna ta buɗe baki. Gwaggo Barira ta riga ta.

"To da wa kuwa? Ai Hure tamu mai kunya ce, ba irin matan zamani ba."

Ta san gaskiya sarai, Gwaggon nan. Ta san wadda ke kwana da littafi a ƙarƙashin filo. Amma da wannan yabo ta ɗaure Inna tamau, don duk abin da za ta ce bayan haka ya zama rashin kunya. Inna ta rufe bakinta, ta ɗebi gyaɗa ta shiga ɓarewa. Malama ta rubuta Adama a littafinta.

A hanyar gida ban yi kuka ba, haushi bai bar ni ba. Na yi gaba ina shuri da duk dutsen da ya tare ni. A raina na yanke cewa Inna ta zaɓi 'yarta ne, ni kuwa dama 'yar tsohuwa ce, tsohuwa kuma ta mutu.

Washegari aka fara, kowa na cikin wahala. Adama na tafiya tana kuka, ta zauna a tabarma ta yi barci. Inna ta ce "waccan" ta riƙa raka ta. Na raka, na laɓe bayan turmi ina sauraro, har Malama ta hango ni ta ce, "Mai rakiya ta koma gida. Idan na bar ki gobe yara ashirin za su zo rakiya." Kwana biyu bayan haka Inna ta dama kunun tsamiya da ɗan geron da muke ta lallaɓawa, ta ce a kai wa Malama, kuma daidai lokacin karatu ta ce a kai. Na miƙa kwanon na tsaya jiran a juye, ina satar kallon allo. Rabawa mai tsawo ake yi. Na ga rabin hanya, aka miƙo mini kwano. Na dawo gida na zauna ina zana sauran a ƙasa da tsinke, ya ƙi fita, na share da ƙafa na sake, ya ƙi.

A lokacin ban gane dabara Inna ke yi ba. Na ɗauka wulaƙanci ne, a hana ni karatu kuma a mayar da ni 'yar kai kunu.

Daga nan Inna ta aiki maƙwabciyarmu Furera ta je ta warware wa Malama zancen. Furera ta dawo tana yarfa hannu.

"Ta ce ta gane, kuma ta ce babbar yarinyar ta fi cancanta. Amma wadda ta kawo ita za ta zo ta canza da bakinta. Ta ce idan ta karɓe ta a bakin maƙwabta, gobe wani ya ɗora mata farantin talla, wa za ta kama?"

Kamar Malama ta yi duba. Ranar Talata sai ga Gwaggo Barira da sallamarta. Ta zauna ta sha ruwa, ta ce tunda makaranta ta mutu, babbar yarinya ba ta zauna haka ba. Daga Asabar zan koma wajenta in riƙa kai mata ƙuli-ƙuli tasha, ranar kasuwa kuma har Ɗanbatta. Ba roƙo ta yi ba, sanarwa ce. 'Yar fari ta dangin uba ce, uwa ba ta da ta cewa a kanta.

Inna ta ce, "To, Yaya."

Gwaggo na fita na tsaya a gaban Inna, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Da tsohuwa na da rai da ba a yi mini haka ba. Ni dai na san ba ni da uwa a gidan nan."

Ba ta mare ni ba, da ma ta mara da na fi jin daɗi. Tankaɗe take yi, ta ci gaba da kaɗa rariyar, alhali garin ya daɗe da ƙarewa a ciki.

Laraba da Alhamis gidanmu ba zama. Inna ta share tsakar gida sau uku a wuni ɗaya. Ta ja mayafi ta kai zaure, ta dawo ta rataye. Ta sake ja, ta tsaya tana gyara ɗaurin akuya da ba ta kwance ba. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ni kuma na ƙi yi mata magana, na ƙi cin abinci, ina ta ninke 'yan tsummokarana ina warwarewa. Zafin bazara ya hana kowa sakat, ga hadari na taruwa a gabas yana watsewa ba ko ɗigo.

Ranar Juma'a, maza na dawowa daga masallaci, Inna ta ja mayafi karo na ban san nawa ba. Wannan karon ba ta tsaya a zaure ba. Ba ta ce a biyo ta ba, amma na bi ta daga nesa. Tana tafiya da sauri kamar mai tsoron kada ƙafarta ta canza shawara.

Matan na nan gindin ceɗiya, har sun fi na rannan yawa, Gwaggo Barira na tsakiya. Yara shida na kan tabarma, Adama na gyangyaɗi a ƙarshe. Na tsaya a bakin ƙofa. Inna ta yi sallama, ta gaida Gwaggo a gajarce, ba ta zauna ba.

"Malama, kuskure aka yi rannan. Ba Adama na kawo ba."

Malama ta ajiye alli. "Wa kika kawo?"

"Yayarta."

"Suna nake so, Hure. Haka na yi wa kowa, ba zan canza a kanki ba."

Hannayen mata suka tsaya da ɓare gyaɗa. Gwaggo ta gyara zama.

"Hure, a gabana? Ina kunyar taki?"

Na dubi Inna ta baya. Na ga ta damƙe bakin zaninta. Na ce a raina shi ke nan, za ta sake ɗibar gyaɗa.

"Sakinatu," in ji Inna.

A hankali ya fito, a karkace, kamar kalmar wani yare da take koyo. Sai ta ƙara da ƙarfi, yadda na bayan katanga ma zai ji.

"Sakinatu na kawo. Na ba ki ita daga azahar zuwa la'asar, har ta yi jarrabawa. Ba talla, ba aike, ko na waye."

Wata ta yi salati, wata ta toshe baki tana dariya. Gwaggo ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, za ta jira ƙaninta ya dawo ya ji abin da aka yi a bayansa. Malama ba ta kula kowa ba. Ta buɗe littafinta ta soke, ta rubuta, ta ce da Adama ta tashi. Adama ta miƙe da murna kamar an sake ta daga kurkuku.

Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa ban motsa ba. Shekara goma sha uku ina jin sunan nan a bakin malamai da masu talla da yaran unguwa, amma a cikin wannan murya ban san shi ba, har na waiga bayana in ga ko akwai wata. Sai da Malama ta ce, "Ke ake jira," sannan na tako. Na wuce ta gaban Inna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ina so in ce mata ta yafe mini maganar ranar Talata, amma na wuce na zauna a gurbin Adama.

Na ci jarrabawar. Matan garinmu kuwa sun shekara suna yi da Inna a wajen biki da suna, Gwaggo ba ta sake cin tuwonta ba sai bayan sallah biyu. Inna ta koma kiran "ke" da "waccan" tun a yammacin ranar, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake faɗin sunana ba. Ban taɓa neman ta sake ba, don na ga abin da na farkon ya ci mata.