Maganin Baba a Wurin Ciyayya

Ni dai tun farko hankalina bai kwanta da Muttaƙa ba. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma na san hali.

Babanmu yana Alela da hawan jini, ni ina aure a Ƙonni. Duk ƙarshen wata in je gidan likita a sabunta mini takardar magani, in saya a farmasi, in ba Muttaƙa ya kai a babur ɗinsa. Ba ƙaramar wuya nake sha ba. Sai da na roƙi likita ya canza mana mai sauƙin kuɗi, ya ce aikinsu ɗaya. To maganin wata guda, kafin mako ya zagayo sai Muttaƙa ya kira ni: "Yaya Mubaraka, ya ƙare."

Ya ƙare? Tuwo ne?

Na fara zargin mai farmasi, na riƙa buɗe kwali a gabansa ina dubawa, har ya tsane ni. Ba abin da ya ɓace. Saura wa kenan? Ga babur ya samu sabuwar taya, ga masu tallar magani a faranti cike da kasuwa, ba sa tambayar inda ka samo. Na faɗa wa Muttaƙa a fuska. Yaron nan ya yi ta rantsuwa har da hawaye, ni ko a jikina.

Da muka kai Baba awo, likita ya dubi na'ura ya ɓata rai.

"Baba, kana shan maganin kuwa?"

"Ba ni fashi in akwai shi," in ji Baba.

Likita ya ja ni gefe ya ce in aka ci gaba haka, ɓarin jiki zai shanye. Ya rubuta wani mai ƙarfi ninki biyu, mai tsada kuma, ya ce kada wani ya taɓa shi sai mai shi. Wallahi na ji tsoro.

Wannan karon da kaina na kai, na damƙa wa Baba a hannu. Na ƙi komawa Ƙonni. Na ce sai na kama ɓarawon da idona.

Da magariba ta wuce, dattawan unguwa suka hallara ƙofar gida wurin ciyayya, kowa da akushinsa, a haɗa a ci tare kamar kullum. Na laɓe a zaure ina tsaron Muttaƙa. Suna gama cin tuwo, sai na ga Baba ya zaro kwalin daga aljihu. Ya ɓalle ƙwaya ɗaya ya miƙa wa Malam Attahiru, amininsa, ya ɓalle wata ya miƙa wa na kusa, haka ya bi su duka kamar mai rabon goro. Su kuwa sai albarka suke sa mini.

Innalillahi! Ban san sanda na faɗa tsakiyar maza ba, ko mayafi babu. Na fizge ƙwayar daga hannun Malam Attahiru.

"Baba, wannan ba goro ba ne! Mai lafiya ya sha, faɗuwa zai yi! Kai kuma da kake bukata, mako uku ba ka da shi!"

Dattawa suka sunkuyar da kai, ɗaya bayan ɗaya suka ajiye ƙwayoyin a kan tabarma. Muttaƙa yana can jikin bango yana kallona, na kasa haɗa ido da shi.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya tattara su a hankali, ya mayar cikin kwali.

"Ke wannan," ya ce, don ba ya kiran sunana, ni ce ta fari. "Tun kan a haife ki, ban taɓa kai abu baki mutanen ga na kallo ba."

"To ka sha a ɗaka, Baba, da asuba. Don Allah."

"In ɓoye musu? Ni?"

Ya miƙo mini kwalin. Na ƙi karɓa, ina kuka. Sai ya ajiye shi a gaban ƙafata, ya ce da Muttaƙa gobe da safe ya mayar da ni Ƙonni da kayana.