Allurar da Maigida Ya Ɗaure

Tun ina budurwa ake ce mini Tsinke, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Na haifi uku, na yaye uku, tef ɗin awona bai gusa daga inda yake ba. Ni tela ce. Shagona shi ne ɗakin gaba na gidanmu: taga ɗaya mai kallon titi, keke biyu, sai teburin yanka da ya cinye rabin ɗakin. Duk macen da na yi wa ɗinki sai na bar mata rara a ciki, kamar faɗin yatsa biyu ta kowane gefe, don ranar da jiki zai buɗe. Ba na faɗa musu, don mace sai ta rantse miki ba ta ƙara ko ƙwaya ba alhali zif yana kuka. Amma nawa kayan cif-cif nake yanka su. Me zan yi da rara?

Da tari abin ya fara, wani busasshen tari marar kunya da ba ya jin magani, sai gajiya kamar an yi mini dukan kawo wuƙa. Aka yi hoton ƙirji, aka ɗebi jini, aka sake wani hoton. Daga ƙarshe likitar, wata yarinya mai gilashi da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, ta ce sunan ciwon sarkoidosis.

Na ce, "Sar me?"

Ta yi dariya ta maimaita. Ta ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Ba tarin fuka ba ne, ba ciwon daji ba ne, kuma ba a ɗauka. Jiki ne ke yi wa kansa 'yan ƙananan ƙullutai na kumburi, galibi a huhu. Wasu ko magani ba sa sha, shi da kansa yake tafiya. Naki bai yi tsanani ba, mu sa masa ido tukuna."

Wallahi na ji daɗin yarinyar nan. Likitar da za ta ce kar ka sha magani ai abar riƙewa ce. Na koma shagona, ina tarina ina taka kekena, lafiya lau.

Sai abin ya hau ido. Na hagu ya yi ja, haske ya zama abokin gaba, wasu baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo a gabana kamar ƙudaje, in kai hannu in kore su babu komai. Aka ba ni maganin ɗigawa, jan ya ragu, ƙudajen suka ce suna nan daram. Da na koma, likitar ta karanta sakamakon da mai duba ido ya aiko, ta cire gilashinta ta ajiye. Ni kuwa na san in mutum ya cire gilashi kafin ya yi magana, ba labarin daɗi ba ne.

Ta ce, "Kumburin ya kai can bayan idon, inda na ɗigawa ba ya isa. Shawarata ki fara shan ƙwayar sitiroyid. Amma ba zan ɓoye miki ba, tana da nata halin. Za ta buɗe miki ciki ki yi ta ci, jiki zai ƙaru, fuska na iya yin kumburi. Za mu dinga duba suga da hawan jini da ƙashi. Barci ma yana iya yin wuya. Kuma ba a yanke ta rana ɗaya, a hankali ake ragewa."

"In na ƙi fa?"

"Yana iya lafawa, yana iya cin ganin idon, kuma abin da ya ci ba lallai ya dawo ba. Jikinki ne, Mama. Je ki yi tunani, amma don Allah kar tunanin ya yi tsawo."

Na san ƙwayar nan, ba yau na fara jin sunanta ba. Yayata ta sha ta saboda ciwon ƙoda, fuskarta ta yi sumul ta zagaye kamar faranti, har ta daina fita don mata sun ishe ta da "masha Allah, hutu ya karɓe ki". Ni da jikina shi ne tallan ɗinkina? In shiga taro da riga, kafin in zauna mata uku sun tambayi wa ya ɗinka. Tsoro ya kama ni, kuma na ji kunyar abin da nake jin tsoron, amma hakan bai hana ni jin sa ba.

A gida na gaya wa maigida rabin maganar. Shi makanike ne, mutum mai yatsu kamar sipana, magana kuwa sai ka ciro ta da ƙugiya. Ya saurara, ya ce, "To, Allah ya sa mu dace," ya ci gaba da shan shayinsa. Na ce a raina, ka ji mutum! Ko dutse aka gaya wa ai ya ce wani abu.

Lokacin akwai wata farar riga a hannuna, ta wata malamar makaranta, da zan jera wa duwatsu a wuya, kuma wannan aikin hannu ne, keke ba ya yin sa. Jera duwatsun ba shi ne matsala ba, yatsuna sun san hanya. Zura zaren ne ya zama yaƙi. In lashi bakin zare, in murza, in ɗaga allura wajen taga, haske ya soke ni, in juya baya, kafar allurar ta ɓace. Ni da nake zura zare ina hira ina kallon titi! Sai in rufe ƙofar shago don kar wata ta shigo ta gan ni. A tunanina babu wanda ya sani.

Wata safiya na shigo na tarar da ɗan matashin da nake soke allurai ya cika. Allurai jere reras, kowace da farin zarenta yana lilo. Na tsaya ina kallo. Yara duk ba sa gida, mu biyu ne kawai. Na ce to, ko ma wane ne Allah ya biya shi, na zari ɗaya, na ɗauki dutse, na soka a wuyan rigar.

Allura ta shiga, ta kai ƙarshe, ta tsaya cak. Na ja, yadin ya tattare. Na sake ja, ƙiris ya rage in yaga wa malama riga. Na lallaɓa na mayar da ita baya, na shafa gindin allurar da yatsa. Ƙulli! An zura zaren, sannan an ɗaure shi tam a jikin kafar allurar, har sau biyu. Na ɗauki ta biyu, haka. Ta uku, haka. Na matso da zaren kusa da idona mai lafiya, sai ga ɗan shacin baƙin mai a jiki.

Na kwashi matashin na yi tsakar gida. Yana zaune yana ɗaura takalmi zai fita gareji.

Na ce, "Baban yara, wannan aikin waye?"

Bai ɗago ba. "Na ga kina shan wahala ne."

"To ƙullin fa? Wa ya ce maka ana ɗaure zare a jikin allura? Ta ina za ta wuce?"

Ya ɗago yana kallona da gaskiyarsa. "Yo in ban ɗaure ba ai zamewa zai yi. Sau nawa ina zurawa yana fita? Mu a wurinmu duk abin da ba a ɗaure ba, a hanya yake faɗuwa."

Dariya ta ƙwace mini. Na yi ta yi har tari ya sarƙe ni, na zauna a bakin baranda ina share hawaye, shi kuma yana bubbuga mini baya da wannan hannun nasa kamar yana gyaran bodi. Ashe tun bayan asuba yake shagon, da gilashin karatunsa da fitilar waya a baki, yana fama.

Da na lafa ya ce, "Tsinke, maganar ƙwayar nan. In kin sha, to. In ba ki sha ba, ba zan ce miki uffan ba. Kullum kafin in fita zan zura miki ko nawa kike so. Ki dai nuna mini yadda ake yi."

A nan dariyar ta tsaya. Da gaske yake, na san shi, zai yi har ranar da ƙasa za ta rufe idonsa. Na hango kaina ina zaune a shago siririya kamar yadda nake so, rigata cif-cif, ina jiran makanike ya zura mini zare. Na ji son mutumin nan ya cika mini ƙirji, na kuma ji ba zan iya wannan rayuwar ba.

Na ce, "Allah ya kiyaye! Ka ƙarasa mini sauran kwastomomin? Tashi ka kai ni asibiti."

Na yi wa likitar tambayoyi har sai da ta sake cire gilashi, wannan karon don gajiya. Washegari da safe na haɗiyi ƙwayar farko bayan karin kumallo. Da yamma na ciro wani shuɗin yadi da na daɗe ina ɓoyo, na shimfiɗa a tebur, na zana awona da alli. Sannan na matsa waje da faɗin yatsa uku na sake zana wani layin, na bi shi da almakashi. Maigida yana tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi layukan biyu, ya dube ni.

Fuskar ta zagaye, ba ƙarya. Ina ci kamar gara, wata ranar in yi faɗa da kowa har da kyanwar maƙwabta, kuma mata sun fara "hutu ya karɓe ki". Ina amsa musu da "sosai ma". Shi dai har yau Tsinke yake kirana, ko kunya ba ya ji. Ƙudajen sun ragu, saura ɗaya ko biyu, likita ta fara rage mini ƙwayar.

Jiya shuɗiyar rigar ta kama ni a hammata. Na zauna bakin taga, labule a buɗe, na farke gefen na saki rarar. Na lashi zare, na ɗaga allura, ya shige tashi ɗaya. Allurarsa guda tana nan a gefen matashin da ƙullinta da shacin baƙin mai, na hana kowa taɓawa. Na soke tawa kusa da ita, na tashi na ɗora masa shayi.