Bindigar da Halfan Ya Zaɓa wa Munzir

Duk wanda zai sayi bindiga a yankinsu sai ya fara biyowa ta gidan Halfan ya sha gahawa. Ba sana'arsa ba ce, manomin dabino ne, amma da ya leƙa bakin bindiga zai gaya maka shekarunta da irin riƙon da ta sha. Ya san ya iya, kuma ba ya ɓoyewa. Shi ya sa da labari ya zo cewa ɗansa Munzir ya gama karatun injiniya a Maskat, ba wanda ya tambayi abin da uban zai ba shi. Wace iri ce kawai ake jira a gani.

Akwai abin da yake cin Halfan, bai kuma gaya wa kowa ba. A ƙauyensu ba a karɓar kyautar bindiga a je a rataye haka nan. Ranar walima, bayan an ci nama, ana ɗora farin dutse a kan tudun bayan masallaci, wanda aka ba kyautar ya harba a gaban maza. In ya samu a yaba masa, in ya kuskure sai ya yi furfura ana tuna masa. Munzir kuwa rabonsa da bindiga tun yana yaro, ranar da ƙararta ta sa ya yar da ita ya ruga ɗakin uwarsa. Daga nan ya rungumi littafi. Halfan yana son yaron nan har cikin ransa, ba zai iya tsayawa yana kallo a yi masa dariya ranar farin cikinsa ba.

Ranar Juma'a da safe ya tafi kasuwar Nizwa tare da Zahir, ƙanin matarsa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Suka ratsa ta wurin masu awaki, suka isa rumfar Ubaid mai tsofaffin bindigogi.

"Baban Munzir da kansa," in ji Ubaid. "Bari in ɓoye ruɓaɓɓun kafin ka tona mini asiri."

Ya ɗauko wata mai zobban azurfa a jiki ya miƙa masa. Halfan ya ɗora ta a kafaɗa, ta zauna daram, ya taɓa kunamarta ya ji laushi. Irin wadda ya daɗe yana nema ce, ransa ya biya ƙwarai. Ya ajiye ta a hankali, ya nuna wata doguwa da ke rataye can kusa da rufi.

"Sauko mini da waccan."

"Waccan da ake kira Abu Fatila?" Ubaid ya dube shi. "Wannan ai ta kakannin kakanni ce, da lagwani ake tayar da ita. Baƙi ke saye su ƙawata falo. Tsatsa ta toshe ramin wutarta, ba ta tashi. Kada gobe ka ce na cuce ka."

"Tsakanin ni da kai wa ya san bindiga? Za ta tashi."

Ya faɗa da ƙarfi ne don maƙwabtan rumfa su ji. Ya riga ya auna abin: in ya ce ta ado ya saya, kowa zai gane tsoron ɗansa yake rufewa. Dole sai an ɗauka shi ne ya yi kuskure.

"Mijin Yaya," in ji Zahir, "idon ne ya fara tafiya, ko aljihun ne ya yi nauyi kake neman inda za ka zazzage?"

"Riƙe mini ita kawai, ka yi wani amfani yau."

Ranar walima aka tono naman da ya kwana a rami yana gasuwa, aka ci da shinkafa har aka bar saura. Bayan La'asar maza suka taru a gindin tudu. Halfan ya ɗura albarushi da hannunsa, ya kunna lagwani, ya miƙa wa Munzir. Yaron ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya auna, ya ja kunama. Ɗan hayaƙi ya yi fus, shi ke nan. Aka sake, ba ta ko yi tari ba.

"To, jama'a, ga zaɓin gwani," in ji Zahir. "Da sandar kiwo ka saya masa, da ko akuya ya kora da ita."

Dariya ta ɓarke, duk a kan Halfan. Wani tsoho ya ce shi ma yanzu ya fara shakkar tasa, tunda Halfan ne ya zaɓa masa. Halfan ya taya su dariya yana shafa gemu. Abin ya yi masa zafi fiye da yadda ya zata, don sunan da ya yi shekaru yana ginawa ne ake wasa da shi. Amma ba wanda ya ce wa Munzir uffan, wannan kuwa shi ya je nema a kasuwa.

Da aka koma shan gahawa ya sulale zuwa gonar dabino, ya zauna a bakin magudanar ruwa. Nan Munzir ya same shi.

"Baba, ka san ba ta tashi."

"Tsufa ne, ɗana. Kowa da ranar kuskurensa."

Munzir ya kwance maɓallin rigarsa, ya janye wuyan ya nuna kafaɗarsa ta dama. Wurin ya yi baƙi, tabo kan tabo, irin wanda gindin bindiga ke bari.

"Tun bara nake zuwa wurin koyon harbi a Maskat. Na san ranar nan tana tafe. So na yi in fasa dutsen nan kana kallo."

Halfan ya daɗe yana duban kafaɗar. Kunya ta kama shi, wadda ta fi ta gindin tudu. Ya tsare yaron daga dariyar mutane, amma shi ne mutum na farko da ya yanke cewa ba zai iya ba, bai ko tambaye shi ba.

"An ɗauke dutsen?"

"Yana nan."

"Mutanen fa?"

"Suna zaune. Kawu Zahir yana maimaita musu labarinka."

"Je ka ɗakina ka ɗauko tawa, da harsashi. Daga yau taka ce."

Munzir ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Baba, in na kuskure fa?"

Halfan ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya gyara rawani.

"Sai su yi mana dariya tare. Wuce gaba, ina bayanka."