Fuskar Sallau Direba

Sallau ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan motar haya tsakanin Matameye da Damagaram. Tun yana da ƙarfi yake zuba ɗan abin da ya samu a asusun tsufa na sandika, wato ƙungiyar direbobi, wanda wani kamfani a Yamai yake kula da shi. Da ya ajiye tuƙi, duk ƙarshen wata sai ya sa babbar riga ya tafi biron kamfanin a Damagaram ya karɓi rabonsa, ya biya tasha ya sha shayi da tsofaffin abokai.

Daga baya kamfanin ya haɗa gwiwa da wasu masu aika kuɗi ta salula, aka rufe biron. Yanzu mutum zai kalli salularsa ne, ya ƙifta ido, ya yi murmushi, ta tabbatar shi ne kuma yana raye, kuɗi su shigo. Sallau ya ji daɗin abin. Har tsokanar matarsa Badariyya yake yi, wai ya samu wadda ba ta gajiya da murmushinsa.

Da damina hawan jini ya kayar da shi a gona. Ya tashi da ɓarin jiki a shanye, baki ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa. Kafin a sallamo shi daga likita, Badariyya ta cire madubin ɗaki, ta ce masa ya fashe. Kullum ya tambaye ta yaya fuskarsa, sai ta ce ai ta kusa komawa daidai. Da wannan maganar ya samu ƙarfin fita ƙofar gida yana gaisawa da masu wucewa.

Ta san salula za ta nuna masa kansa, don haka wata ya ƙare ta ce layi ba kyau. Wani watan ta ce batir ya mutu. Ta sayar da akuyarta ta sayi magani. Ranar wata kasuwa dai Sallau ya matsa sai ta kawo salular, ta kawo.

Ya daɗe yana kallo. Salula ta nemi ya ƙifta, ido ɗaya ya ƙi. Ta nemi murmushi, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, miyau ya zubo kan rigarsa. Sai salular ta ce ba ta gane wannan fuskar ba.

"Ke fa, kina gane ni?" ya tambayi Badariyya, maganar na fita da ƙyar.

"Maigida, ko a cikin duhu."

Bai yi mata faɗa kan madubin ba. Ya miƙa mata salular, ya ce ta taimaka masa ya koma ɗaki.

Badariyya ta kai kuka sandika, su kuma suka kira Yamai. Kamfanonin biyu suka yi ta turawa juna, daga ƙarshe aka aiko wata ma'aikaciya mai suna Najaha. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri, ta ɗauki sabon hoto, ta ce daga yau an ɗauke masa murmushin. Kuɗin suka shigo a ranar.

Amma Sallau bai ƙara zama a ƙofar gida ba. Abokan tasha suka zo dubiya, ya sa aka ce musu yana barci. Bayan an gama girbin hatsi ya rasu. Badariyya takan ce da ta sani, da ta bar shi ya fara ganin kansa a gabanta tun a likita, lokacin da yake murnar ya tsira da rai.