Hannun Na'iya

In ka tambayi mutanen Fakku wane ne Na'iya wanzami, kowa da abin da zai ba ka. Mahauta sukan ce bai taɓa maida aska sau biyu a wuri ɗaya ba. Mata sukan ce jariri yakan yi barci ana yi masa askin suna, in dai hannunsa ne. Fulanin da ke saukowa da shanu bayan kaka sukan riƙe gashinsu har ranar kasuwarmu, ko da sun wuce wanzamai uku a hanya. Shafi'u mai shayi kuwa cewa yake yi, shekara ashirin suna maƙwabtaka a bakin kasuwa, amma maganar da ya ji daga bakin Na'iya ba za ta cika kofi ɗaya ba.

Ni sunana Atu, kwalekwale nake tuƙawa a gulbi. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa rubutuna yake tafiya a hankali. Abin da zan faɗa da ni aka yi shi, kuma daga bakina ya fara.

Shekarar da ruwa ya cinye fadama ya shigo gari, kwana uku na yi ina kwasar mutane zuwa tudu. Rana ta biyu muka tsamo wani manomi, Ɗanmaliki. Kwanon rufi ya tsarge masa cinya, guntun ƙarfe ya karye a ciki. Hanyar Kebbe ta yanke, ba mota, ba asibiti. Na'iya yana cikin jirgina da zabirarsa a wuya, jakar fatar nan ta kayan aski, ita kaɗai ya fito da ita daga gida.  Ya zaro aska, ya goga ta a tafin hannunsa na hagu sau uku kamar yadda ya saba, ya duƙa. Jirgi na rawa, ruwa na jan mu. Hannunsa kuwa kamar a kan tabarma yake. Ya ciro ƙarfen, ya ɗaure wurin da rawaninsa. Da hanya ta buɗe aka kai Ɗanmaliki asibiti a Tambuwal, ya dawo da ƙafarsa.

Wannan labari na ba Sirajo, ɗan ƙanwata. Sirajo ya yi karatu a Sakkwato, yana da shagon gyaran waya a Tambuwal, amma abin da ke ransa fim ne. Shi da abokansa uku suke haɗa finafinan ban tsoro, ba kamfani, ba ubangida, kyamara ɗaya da fitilu biyu. Lokacin ambaliya ya ɗauki hoton ruwan da wayarsa ya ajiye. Da na gama ba shi labarin sai na ga ya daina cin tuwon da ke gabansa.

Bayan wata biyar ya zo Fakku da labarin fim a rubuce, ya karanta mini. Mutane ne ruwa ya tsare a tudu, sai ga wani likita ya ɓullo cikin kwalekwale, ba a san daga ina ba. Duk mai rauni sai ya yi masa tiyata. Wanda aka yi wa yakan tashi garau, amma ba ya ƙara gane matarsa ko 'ya'yansa, sai ya juya ya shiga ruwa yana tafiya har ya ɓace. Na ji tsigar jikina ta tashi tun a takarda.

Matsalarsu ɗaya. Abokinsa da zai fito a likita hannunsa rawa yake yi in ya riƙe wuƙa. Sai na raka Sirajo wurin Na'iya.

"Baba, hannunka kawai nika so," in ji Sirajo bayan ya durƙusa ya gaishe shi. "Fuska ba ta fita, suna ba ya fita. Ba wanda za ya san kai na."

"Mi za ni yanka?"

"Cinyar akuya, Baba. Muna rufa mata farin ƙyalle."

Shafi'u ya leƙo daga teburinsa. "To Na'iya, ka zama likita da tsufanka! Akuya dai ta ji daɗi, ba ta bin layi."

Na'iya bai yi dariya ba. Ni ya duba. Ni kuwa na gyaɗa masa kai.

A bakin gulbi aka yi aikin, da hantsi. Jinin ƙarya na zoɓo ne da aka dama da sitaci. Sirajo ya kawo safar hannu irin ta asibiti, Na'iya ya sa ɗaya, ya cire.

"Ban jin aska cikin wanga abu."

Aka bar shi da hannunsa tsirara. Ya zaro aska, ya goga a tafinsa sau uku, ya duƙa. Sirajo yana bayan kyamara baki buɗe. Da aka gama ya ce da abokansa kada wanda ya yanke wurin gogawar nan, shi ne ran fim ɗin.

An fara nuna shi a wani gidan kallo a Tambuwal, bayan la'asar. Ɗakin kwano ne, an toshe tagogi da buhuna, janareta na ruri a waje, ana haska fim ɗin a jikin bango. Ranar kasuwa ce, mutanen wajenmu da yawa sun shiga. Ban taɓa zama na kalli fim daga farko har ƙarshe ba sai ranar.

Ruwa aka fara nunawa, ruwanmu na gaske. Kwana uku na yi a cikinsa, amma ban gan shi ba sai a bangon nan, don lokacin ina ta aiki ne. Yanzu ga shi ina zaune, yana tafe jajir, faɗinsa ba iyaka, yana ɗauke da rumbu guda da bai ko karkace ba, da zakara tsaye a kansa. Kan itatuwan ɗorawa kaɗai ke waje. Wani tsoho kusa da ni yana ta salati a hankali. Na ji ƙanƙantar kaina yadda ban ji ba ranar da nake tsakiyarsa. Ɗan ƙanwata, wanda na goya a kafaɗa, shi ya kamo wannan abu ya sa a bango.

Sai hannuwan suka fito. Sun cika bangon duka. Jijiyoyi kamar saiwar itace, babban yatsa da ya ɗan lanƙwashe, farin tabo a gefen tafi. Aska ta sauka a tafin. Sirajo ya kashe kowane sauti, ba kiɗa, ba ƙarar ruwa, sai wannan gogawa. Sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku. Ɗakin ya yi tsit, har numfashi an riƙe.

Daga baya can wata murya ta ce, "La ilaha illallahu! Hannun Na'iya na!"

A nan kuskurenmu yake, kuma ni ya kamata in hango shi. Sirajo ya saba da shagon aski na birni, inda ake zama a kujera ana kallon madubi, fuskar mai aski na bayanka kana ganinta. Shi a wurinsa in an ɓoye fuska an ɓoye mutum. Mu kuwa a tabarma muke zama, mu cire hula, mu sunkuyar da kai, mu ba da ƙeya. Ba wanda ke kallon fuskar wanzami. Hannu kawai muke gani, ya sauka cikin tasar ruwa, ya hau, ya goge aska, ya koma. Tun muna yara haka. Akwai mutane a Fakku da ba za su iya faɗa maka ko Na'iya yana da wushirya ba, amma tabon nan kowa ya san shi.

Kafin mako ya zagayo fim ya shiga wayoyi, daga Dogon Daji har rugagen Fulani. Ba wai mutane sun yarda Na'iya yana juya hankalin mutum ba. Kowa ya san wasa ne, kowa zai gaya maka haka. Amma sai mutum ya zauna, ya sunkuya, ya ji gogawar nan uku a saman kansa, sai wuyansa ya yi sanyi. Shafi'u da kansa ya miƙe da rabin kai a aske, ya ce ya bar ruwa a wuta. Mahauta suka yi ta yi masa tsiya, amma ba ko ɗayansu da ya zauna a wurin da ya tashi. Mata suka fara aikawa a kira wani wanzami in an yi haihuwa. Ɗanmaliki ya so ya taimaka, ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ɗage wando yana nuna tabonsa. Sai wani ya ce, "Ashe da gaske ya taɓa yin tiyata cikin jirgi!" Abin ya ƙara lalacewa.

Kasuwa huɗu Na'iya yana shimfiɗa tabarma, ya jera asake da ƙahoni, ya cika tasa da ruwa, ya zauna har yamma, ya zubar da ruwan yadda ya ɗebo shi. Ni kaɗai nake zuwa, har ya zama ba abin askewa a kaina. Kuma ba zan ɓoye ba, ni ma rufe ido nake yi. Bai taɓa ce mini komai a kan fim ba. Sau ɗaya dai ya ce, "Atu, gashi bai fito ba. Ka huta."

Na hau mota na tafi Tambuwal. Na tarar da shagon Sirajo cike da samari, ana ta kiransa a waya daga garuruwan da bai taɓa zuwa ba.

"Kawu, ni na cika alkawari," in ji shi. "Fuska ta fita? Suna ya fita? In mutane ba su iya raba wasa da gaskiya, laifina na?"

 Na ce masa kawai, "Wa ya yi ma askin suna?"

Ya koma kan wayar da yake kwancewa. Na sha ruwa na dawo.

Ba a yi kwana goma ba matar Sirajo, Mu'minatu, ta haihu, namiji, a gidan iyayenta a Fakku. Gidansu Sirajo kuwa tun kakansa zuriyar Na'iya ce ke musu aski, ba a ma aikawa, ranar suna wanzami da kansa yake zuwa da sassafe. Sai surukar Sirajo ta aiko masa cewa wannan hannu ba zai taɓa kan jikanta ba. Mu'minatu ma ta ce ta san wasa ne, amma in ta tuna sai nononta ya ɗauke. Wannan saƙo a gabana aka isar masa. 

Ana gobe suna ranar kasuwa ce. Da hantsi, kasuwa ta cika, sai ga Sirajo ya ratso ta rumfar mahauta, ba kyamara, ba waya a hannu. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmar Na'iya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya sunkuyar da kai.

"Jama'a ku taho!" Shafi'u ya ɗaga murya. "Mai fim ya kawo kai tiyata!"

Aka yi dariya, aka taru. Har mata masu fura suka ajiye ƙwarya suka matso. Na'iya ya dubi ƙeyar da ke gabansa ɗan lokaci. Sannan ya tsoma hannu a ruwa ya jiƙa gashin, ya zaro aska. Da ta sauka a tafinsa dariyar ta ɗauke. Ina tsaye kusa, na ga kafaɗar Sirajo ta motsa. Shi da ya kalli wannan gogawa sau ɗari yana gyara fim, yau ne ya fara jin ta daga ƙasa, ido a tabarma, ba abin da yake gani sai hannu yana sauka yana hawa.

"Baba…" ya fara.

"Ba a magana aska na kai."

Aska ta bi kan tun daga goshi har ƙeya. Gashi yana zuba a hankali. Ba mai tari. Na duba fuskokin mutane, irin kallon da suka yi wa bangon nan a Tambuwal shi suke yi, sai dai yanzu rana ce tsaka, kuma hannun ɗan ƙarami ne, na tsoho, yana tallabe kan mutum kamar ƙwai. Ni kaina ban rufe ido ba. Na tuna jirgi yana rawa.

Da ya gama ya shafe kan da ruwa. Yatsansa ya tsaya bayan kunnen hagu.

"Har yau ɗan ramin nan na nan," in ji Na'iya. "Ranar sunanka nig gane shi. Sai da nik kauce mai."

Ko ɗigon jini babu. Sirajo ya shafa kansa, ya taɓa wurin. Shekara talatin yana yawo da shi bai sani ba. Wani Bafulatani dattijo ya jingine sandarsa, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a gefen tabarma yana jiran layi.

Sirajo bai tashi ba. Ya juyo ya fuskanci Na'iya a durƙushe, hula a hannu, ya ɗaga murya yadda har masu fura za su ji.

"Gobe da safe ɗana na jiran hannunka, ni za ni riƙe shi da kaina. Na ɗauki hannun da ya aske ni na ba mutane tsoro da shi, kuma da anka gaya min sai nic ce ba laifina ba na. Laifina na, Baba. Don Allah ka yafe min."